Akwatin sifikar jita: mai buɗaɗɗen baya ko mai rufaffe, wanne ya dace da Sabo?



Cikin kayan kiɗan da ake shirin saya wa matasanmu, domin su riƙa aiki da su a bukukuwa su kuma bayar haya, abu ɗaya ne ya raba kan jama'a, wato akwatin sifikar da za a jona wa jita. Wasu na son mai buɗaɗɗen baya, wanda in ka zagaya ta bayansa za ka hango maganaɗisun sifikar da wayoyinta. Wasu kuma sun kafe a kan mai rufaffen baya, wanda aka toshe da katako ta kowane ɓangare. Na san iyayenmu dattawa da yawa na yi wa abin kallon gardamar yara. Ina roƙon su ba mu aron kunne, domin kuɗin da za a kashe gudummawar kowa ce, kuma ƙarar da akwatin zai fitar ɗakin kowa za ta shiga, har da wanda ba a gayyata bikin ba.

Ra'ayina shi ne mu ɗauki mai rufaffen baya, amma ƙarami, mai sifika ɗaya ko biyu na inci 12, a kuma ɗaure murfin bayansa da ƙusa mai zare yadda za a iya kwancewa in buƙata ta taso. Wannan ra'ayin kaina ne, ba matsayar kwamiti ba. Ga dalilaina.

Me katakon baya yake yi?

Sifika faifan takarda ne da maganaɗisu ke turawa gaba ya dawo da shi baya da sauri. In ya tura iskar da ke gabansa, a daidai lokacin yana janye wadda ke bayansa. Ke nan sauti biyu yake fitarwa, na gaba da na baya, kuma kishiyoyin juna ne. Duk inda suka haɗu, ɗaya yana cinye ɗaya.

Wannan cinyewar ta fi shafar kaurin sauti. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa ɗaya. Sauti kuwa yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. In ka raba, tsawon igiyar wannan sautin ya ɗan haura mita 4. Tazarar da ke tsakanin fuskar sifika da bayanta, in an zagaya ta gefen akwati, ba ta cika mita ɗaya ba. Saboda haka a akwati mai buɗaɗɗen baya, kaurin da ya fito ta baya yana zagayowa ya tarar da na gaba kafin ya yi nisa, ya rage masa ƙarfi. Abin da ke isa kunne sai ya zama sauti sakayau, mai faɗi, wanda ke watsuwa gaba da baya.

In aka rufe bayan, sautin baya ya zama fursuna a cikin akwati. Iskar da aka kulle a ciki kuma tana riƙe faifan kamar matashi, ba ta barinsa ya yi lilo fiye da kima. Shi ya sa mai rufaffen baya ke ba da kauri mai tauri, irin wanda ake ji a ƙirji, kuma yawancin sautinsa gaba yake fuskanta.

Kowanne da masoyansa, kuma kowanne ya yi suna a duniya. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da Twin Reverb a 1963, mai sifika biyu da buɗaɗɗen baya, har yau makaɗa na nemansa saboda tsabtar sautinsa. Haka Vox AC30 na Ingila, da Roland JC-120 na Japan wanda ya fito a 1975. A ɗaya ɓangaren, Jim Marshall ya fara ƙera amfilifaya a Landan a 1962, kuma akwatinsa mai sifika huɗu da rufaffen baya shi ya zama abin da ake jibgewa a manyan dandamali. Don haka ba maganar mai kyau da marar kyau muke yi ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce a ina za a kaɗa jitar.

A ina muke biki?

Kowa ya san amsa. Tun da aka kafa Sabo a 1916, unguwa ce ta fatake da masu masauki, gida manne da gida, shago manne da shago. Yau jama'a sun ninka, filin bai ƙaru ba. Bikin aure ko na suna a wurinmu yawanci a waje ake yinsa: a kafa rumfa a ƙofar gida ko a bakin layi, a jera kujeru, a tayar da janareta. Ba kowa ke da ƙarfin kama zauren taro ba.

Akwati mai buɗaɗɗen baya yana son ɗaki. In aka ajiye shi nesa kaɗan da bango, sautin baya yana bugun bangon ya dawo, ya cika ɗakin, mai sauraro ya ji kiɗa na zuwa masa ta ko'ina. Wannan shi ne daɗinsa, kuma ba na musun hakan. To amma a ƙarƙashin rumfa babu bangon da zai dawo da komai. Rabin abin da sifikar ta fitar ya tafi baya, inda babu baƙon biki ko ɗaya. Kaurin ma ya ragu. Sai makaɗin jita ya ji kalangu da ganga sun danne shi, ya miƙa hannu ya ƙara murya. Da ya ƙara, mai waƙa ya ƙara tasa. Haka ake hawa har a kai inda ba wanda ke jin maganar na kusa da shi.

Sannan mu tambayi kanmu, wa ke bayan rumfar? A layukanmu, bayan makaɗa yawanci tagar wani ce, ko ƙofar shagon wani, ko zauren da yara ke karatu. Sautin da ya fita ta bayan akwatin ba ɓacewa yake yi ba. Ɗakin tsohuwar da ba ta da lafiya yake shiga, ko na mai jego, ko na direban da ya kwana a hanya daga Arewa yana neman barcin awa biyu. Mai rufaffen baya yana ba mu damar juya fuskarsa zuwa ga waɗanda suka zo biki, mu rage wa na baya nauyi.

Kada a ɗauka ina cewa katako zai hana maƙwabta jin kiɗa. Kaurin sauti ba ya bin fuska, yana zagaye akwati kowane iri ne, yana kuma ratsa bango. Abin da rufin baya ke tarewa shi ne tsaka-tsakin sauti da siririnsa, wato kaifin jitar nan da ke huda kunne. Amma wannan ɗin ma ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda tagarsa ke taku biyar daga bayan makaɗi.

Akwai kuma doka. Hukumar NESREA ta tarayya tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009, kuma gwamnatin Jihar Oyo ta sha rufe wuraren shaƙatawa da na ibada saboda koken maƙwabta. Mu da muke zaune kafaɗa da kafaɗa da 'yan uwanmu Yarabawa a Mokola da Adamasingba, bai kamata a ce daga bikinmu aka kai ƙara ba. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina a garin nan ya fi kowane kiɗa tsada.

Ƙura, ruwa da ɓera

Dalili na biyu shi ne lafiyar kayan. Akwatin da za a bayar haya ba a falo zai zauna ba. Yau yana bayan Keke Napep, gobe an cusa shi a but ɗin Micra, jibi yana kan wani ɗan dako. Mai buɗaɗɗen baya a irin wannan yawo kamar mutum ne da ya fita ba riga. Maganaɗisu yana jawo ƙusa da guntun ƙarfe. Yara masu kwashe kaya sukan mayar da cikin akwatin ma'ajiya, su zuba waya da filogi da sukudireba, mota na girgiza abu ya huda faifan takarda. Da faifai ya yage, sai gyara, kuma sautin ba ya cika komawa yadda yake.

Ga yanayin Badun. Damina a nan doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba, kuma ruwan yamma ba ya sallama. Feshin da iska ke kaɗowa ƙarƙashin rumfa ya isa ya jiƙa takardar sifika ta baya. Da hunturu kuma ƙura ce. In aka ajiye kayan a sito na wata guda, ɓera da kyankyaso sun sami gida, ɓera kuwa ba ya raina waya. Rufaffen akwati bai gagari lalacewa ba, amma ƙofa ɗaya ya bari a tsare, wato fuska, ita ma da raga a kanta. Rigakafi ya fi magani.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Masu son buɗaɗɗe ba su yi magana a banza ba, kuma ya kamata a amsa musu da adalci.

Na farko sun ce ya fi daɗin sauti. A ɗaki, da jita mai tsabtar murya, na yarda. Ranar da aka kama zaure, ko za a ɗauki waƙa a situdiyo, buɗaɗɗe ya fi. Shi ya sa na ce a ɗaure murfin da ƙusa mai zare, a raba shi gida uku, na tsakiya ya zama mai fita. A zaure a kwance na tsakiya, a waje a mayar. Kamfanoni da dama na ƙera irin wannan, kuma kafinta mai hankali zai iya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Na biyu sun kawo misalin makaɗan jita na Agadas, irin su Bombino, da Mdou Moctar wanda shi ma ɗan Nijar ne. Sun ce waɗannan a bukukuwan aure suka taso, a fili, da ƙananan amfilifaya da janareta, kuma duniya ta san su. Gaskiya ne. Amma a duba bambanci. Kiɗansu a kan siririn sauti mai kaifi ya ginu, kuma fili a can yalwatacce ne. Namu makaɗin zai zauna ne tsakanin kalangu da ganga a layin da faɗinsa bai wuce mota biyu ba, gidaje a gaba, gidaje a baya. Ko a nan ƙasar Yarabawa, inda jita ta daɗe da zama 'yar gida a kiɗan juju tun zamanin Tunde Nightingale da I.K. Dairo har zuwa King Sunny Ade, babban aikin mai haɗa sauti shi ne samar wa jita gurbi a tsakiyar ganguna. Matsalarmu ta fi kama da tasu.

Na uku sun ce da buɗaɗɗe mai ganga da ke zaune a baya yana jin jita, da rufaffe kuwa ba ya ji. Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin makaɗan da ba sa jin juna ba za su haɗu ba. Maganinta shi ne wurin ajiyewa. A sa akwatin a bayan makaɗa gaba ɗaya, ko a gefe a ɗan karkato shi, yadda sautin zai ratsa ta kansu kafin ya isa ga jama'a.

Na huɗu, kuma wannan ne aibin rufaffe na gaske: yana harba siririn sauti a miƙe kamar hasken tocila. Dalili shi ne sautin da ke girgiza sau 2,000 a daƙiƙa tsawon igiyarsa kusan santimita 17 ne, bai kai faɗin sifikar inci 12 ba, wadda ta kai kusan santimita 30, don haka ba ya bazuwa gefe sosai. Wanda ke zaune daidai saitin akwatin kunnensa zai yi zafi, na gefe kuma yana cewa a ƙara. A bikinmu kuwa wa ake zaunarwa a sahun gaba? Dattawa da manyan baƙi. Saboda haka kada a ajiye shi a ƙasa yana kallon kujerun gaba. A ɗora shi a kan benci ko tebur mai ƙarfi, a saita shi ya bi ta saman kawunan sahun farko, a kuma bar tazara. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6. Matsar da kujeru daga mita 2 zuwa mita 4 ba ya cin ko kwabo.

Na biyar sun ce rufaffe ya fi nauyi. Haka ne, amma bambancin katako ɗaya ne. Nauyin da ake tsoro na mai sifika huɗu ne, kuma a nan zan juya ga matasan da ke goyon bayana, domin da su ma ina da magana.

Girma ba shi ne ƙarfi ba

Wasu daga cikin masu son rufaffe, abin da ke ransu shi ne dogon akwatin nan mai sifika huɗu da suke gani a bidiyo. Ku yi haƙuri, ƙannena, wannan ba namu ba ne. Akwatin Marshall mai sifika huɗu ya haura kilo 35. Sai mutum biyu, kuma Keke ba zai ɗauke shi tare da sauran kaya ba. An ƙirƙiro jibga irinsa biyu, ɗaya kan ɗaya, a tsakiyar shekarun 1960 ne, lokacin da makaɗa irin su Pete Townshend na ƙungiyar The Who ke neman amfilifaya mai wat 100 domin cika manyan zauruka, a zamanin da na'urorin sautin dandamali ba su da ƙarfi. Yau ko a manyan wasanni makirufo ake sa wa a gaban sifikar jita, manyan sifikun taro su kai sautin ga jama'a.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Sifikar jita mai kyau ta inci 12 tana ba da desibel 97 zuwa 100 a nisan mita ɗaya da wat ɗaya kacal. In ka ninka wat, desibel 3 kawai ka ƙara. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ke nan tsakanin amfilifaya mai wat 50 da mai wat 100 bambancin ɗan kaɗan ne a kunne, amma a aljihu da wuyan ɗan dako babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. A desibel 100, mintoci ne suka rage. Yaran da ke tsayawa a bakin sifika tun la'asar har dare su za su biya wannan bashin in sun girma, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

In za a saya ko a ƙera

Ko a Ogunpa ko Dugbe aka samu, ko sai an je Alaba a Legas, ko sabo ko tokumbo, akwai abubuwan da wakilanmu za su duba.

A ƙwanƙwasa jikin akwatin. Katakon filawud mai kauri ake so. Wanda aka matse daga garin katako yana kumbura da ya sha laima, ƙusa ta daina kama shi, kuma laima ba ta da wuya a garin nan. In kafinta za a ba, ana samun katako a kasuwar katako ta Bodija, amma a ba shi awon wani sanannen akwati ya bi. Rufaffen akwatin da ya cika ƙanƙanta yana shaƙe sifika, sautin ya fito kamar ana magana a cikin tulu. A toshe haɗin katakon da gam, a sa roba a bakin murfin baya don kada ya yi ɓari.

A duba lambar om da ke bayan sifika, 8 ko 16, ta dace da ta amfilifaya. Wat ɗin da sifika za ta iya ɗauka kada ya gaza na amfilifaya. A yi amfani da wayar sifika ta ainihi, ba wayar jita ba, ko da bakinsu iri ɗaya ne.

Wanda ya riga ya mallaki amfilifaya na haɗe, wato mai inji da sifika a akwati ɗaya, kada ya ji maganata ya je ya buga masa katako a baya. An bar bayan a buɗe ne har da don zafi ya fita, musamman mai kwalaben nan da ke yin ja in an kunna. In aka toshe, injin na iya ƙonewa. Maganata a kan akwatin sifika ne mai zaman kansa.

Haka kuma akwatin jita na jita ne, da garaya ko gurmin da aka maƙala wa na'urar ɗaukar sauti. Ba a yi shi don muryar mutum ba, domin sifikar jita tana yanke siririn sautin da ke sa a bambance haruffa. Sanarwa da jawabi da waƙa suna buƙatar sifikun taro daban. Kada a sayi ɗaya a ce zai yi aikin biyu.

A gwada kafin a biya

Ba na neman kowa ya yarda da ni don na rubuta. An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka ji ne ke korar gani. Shawarata ga kwamiti ita ce a aro akwati ɗaya na kowane iri daga masu haya, a zaɓi wata rana da hantsi, a sanar da mutanen layin, a kafa su a inda muka saba kafa rumfa. Makaɗi ɗaya, jita ɗaya, amfilifaya ɗaya, mai kalangu a gefe. A saita kowanne har mutumin da ke kujerar ƙarshe ya ce ya ji jita sosai. Daga nan a zaga: a tsaya a sahun gaba, a tsaya a gefe, a je bayan rumfa, a nemi izini a shiga zauren gidan da ke baya. Akwai manhajar awon ƙara da ake saukewa kyauta a waya. Ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma in waya ɗaya aka riƙe a duk wuraren, za ta nuna wanne ya fi damun na baya. A rubuta lambobin, a karanta su a taro.

A cikin masu zagayen a sa dattijo ɗaya, da mace ɗaya daga cikin iyayenmu mata da ke yini a gida, da makaɗi, da yaron da zai riƙa ɗaukar kayan. Su ne abin zai shafa. In suka dawo suka ce buɗaɗɗe ya fi a layinmu, a saya, ba zan ja ba. Amma kada a fitar da kuɗin jama'a don an ga wani tauraro da irinsa a waya.

Masu sana'ar haɗa sauti da kafintocin da ke cikinmu, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku kafin zama na gaba. Allah ya bar zumunci, ya zaunar da unguwarmu lafiya.